Amsa: Zuwa da kyamara mai tsada bikin AfroFuture

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka kwashi kyamararka da duk gilasanta (wato lens) zuwa bikin kiɗa na AfroFuture a filin wasa na El Wak da ke Accra, Ghana. Kada ka kwashe su duka. Gilashi ɗaya ya isa, sauran ka bar su gida a Nima. Ka fara tambayar masu shirya bikin ko ana shiga da irinta babu katin ɗan jarida.

Ni ƙurar hunturu ta fi ɓarayi damuna. Ƙarshen Disamba ne, ga cunkoso. Da zarar ka kwance gilashi a tsakiyar taro ƙura ta shige, washegari kowane hoto sai ka ga ɗigon baƙi a jikinsa. Jakar kuwa, don Allah rataye ta a ƙirjinka, musamman wajen fita da daddare.