Tayin dare na neman cinye mini jari

Tambaya: Malam, ina sayar da wayoyi da caja a Babbar Kasuwar Katsina. Bara wani abokina ya saka ni a wani zauren WhatsApp da ake gwanjon wayoyi da agoguna, daga nan na zarce har TikTok. Da fari na ci riba. Yanzu ina kaiwa ƙarfe 2 na dare ina tayi, akwai kwali uku a ƙarƙashin gado da ban ko buɗe ba, na taɓa kuɗin zubin adashi, kuma maiɗakina ba ta sani ba. Wannan kasuwanci ne ko ciwo?

Amsa: Ɗan'uwa, kwalayen nan uku sun riga ni ba ka amsa. Ɗan kasuwa tun kafin ya taya kaya ya san wanda zai kai wa da nawa zai sallama. Kai kuwa daɗin kayar da abokin tayi kake biya wa kuɗi, shi ya sa da kaya sun iso sai sha'awarsu ta mutu.

Ka duba yadda kake ciniki a shago. Mai saye ya taya ƙasa-ƙasa, ka ce albarka, ya juya, ka kira shi, ku daidaita. Akwai sararin numfashi. A gwanjo farashi sama yake hawa, lokaci na ƙurewa, wanda ya ci kuma shi ne wanda ya fi kowa tsadanta kayan. Mutum 20 sun ga wayar ba ta kai haka ba sun janye, kai kaɗai ka ga ta kai. To wa za ka sayar wa da riba?

Ga wani abin da ya fi damuna. Ba ka ganin fuskar wanda ke ƙara naira dubu biyu a kan tayinka. Yana iya zama yaron mai kayan ne. Wannan shi ne najashi, ƙara farashi ba da niyyar saye ba, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Ko eBay, shafin gwanjo na intanet da aka kafa a Amurka a 1995, ya haramta wannan dabara a dokokinsa. Zauren WhatsApp fa, wa ke sa masa ido?

Ɓoyewa da taɓa kuɗin da ba na saye ba su ne suka nuna mini abin ya wuce sha'awa. Don haka kada ka ce za ka rage. Fice daga zaurukan yau, ka goge lambobin dillalan. Ka sa banki ya rage maka adadin da za ka iya turawa a rana, kuɗin shago kuma su koma asusun da babu manhajarsa a wayarka. Kada ka kusanci manhajojin bashi don cike gurbin adashi. Je ka sami mai adashin, ku tsara yadda za ka biya.

Sai mai wuyar: ka fitar da bayanan asusunka na wata shida, ka haɗa lissafin, ka zaunar da maiɗakinka ko yayanka ka nuna musu. Na san da kunya, amma gara ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin masu bin bashi. Da dare wayar ta kwana a hannunta.

Idan bayan haka barci ya ƙi zuwa, zuciya na ta azalzalar ka, ko ka koma a ɓoye, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna. Sau da yawa damuwa ce ke ɓuya a bayan irin wannan saye-saye, kuma ana maganinta.

Kwalayen kuma gobe ka kai su shago, ka sa musu farashin kasuwa, ko da faɗuwa ce ka sallama, kuɗin su fara shiga adashi.