Fasfon abokin cinikinka ba naka ba ne

Wani Alhaji mai fitar da riɗi da zoɓorodo daga Kano ya aiko da tambaya. Yana da abokin ciniki ɗan Bulgeriya da ya gayyace shi Sofiya su ƙulla yarjejeniya, ya kuma ce masa shi yana sauya jirgi a Frankfurt ba tare da bizar wucewa ba. Alhaji na so ya ji ko shi ma ya sayi tikiti mai araha ta Jamus.

Alhaji, ka dakata da sayen tikitin tukuna. Abokinka gaskiya ya faɗa, amma a kan fasfonsa. Bulgeriya na cikin Tarayyar Turai tun 2007, ɗan ƙasar kuwa ba ya neman izini kafin ya ratsa Jamus. Shi ma ɗin ba ko'ina yake wucewa haka ba: in zai sauya jirgi a Amurka sai ya nemi biza, domin ƙasarsa ba ta cikin waɗanda Amurka ta ɗauke wa wannan sharaɗi.

Kai fasfon Najeriya gare ka, kuma Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da dokar Shengen (yankin ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu) ta wajabta wa bizar wucewa ta filin jirgi, ko da ba za ka fita daga ɗakin jira ba. Sai dai wannan bizar ba za ta kai ka Sofiya ba. Tun 31 ga Maris 2024 aka cire binciken iyaka a jiragen sama tsakanin Bulgeriya da sauran ƙasashen Shengen, saboda haka jirgin Frankfurt zuwa Sofiya tafiyar cikin gida ce, a Frankfurt jami'an shige da fice za su duba ka. Cikakkiyar bizar Shengen ta ɗan gajeren zama kake bukata, wadda za ta kasance tana aiki tun ranar saukarka Jamus. Da ita a hannu, ba sai ka nemi ta wucewa daban ba.

Ka lissafa kuɗin tun yanzu: yuro 90 na biza, da ba a mayarwa ko an hana ka, sai inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Ka nemi abokinka ya aiko takardar gayyata daga kamfaninsa, ka shigar da takardunka da wuri, tunda ana karɓa tun watanni shida kafin tafiya.

Kuma don Allah ka guji raba tafiyar a tikiti biyu saboda rangwame. In jirgin farko ya makara, na biyu ba zai jira ka ba, kuɗinsa kuma ya tafi.