Ku Tambaya Mu Amsa: Kwamfuta ce ke cuta, ko hannu ne bai faɗa ba?

Yawancin saƙonnin wannan makon daga karkarar Kano da Jigawa suka zo, kuma kusan duk a kan matakin wahalar gem suke, abin da samari ke kira lebul. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa, nake bugawa a shagon gem na garinmu. In na sa Regular sai in yi wa kwamfuta shida da nema, har hamma nake yi. In na sa Top Player kuwa ko tsakiyar fili ba na tsallakawa. Abokaina sun ce duk wanda ba ya buga Top Player yaro ne. Wanne zan riƙe?
Daga wani matashi a yankin Jahun, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsani ɗaya ka tsallake. Jerin PES daga ƙasa shi ne Beginner, Amateur, Regular, Professional, Top Player, sai Superstar da Legend a fitowar baya-baya. Ka ga akwai Professional tsakanin biyun da ka ambata, kuma nan ne wurin zamanka yanzu. Masu FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, nasu jerin Beginner ne, Amateur, Semi-Pro, Professional, World Class, Legendary, sannan Ultimate. Kada sunan ya ruɗe ka: Professional na wannan ba lallai ya zo daidai da na wancan ba, kamfanoni biyu ne, kowa da awonsa.

Wasa ɗaya ba ya nuna matsayin mutum. Ka ɗauki ƙungiya ɗaya, ka riƙa haɗa ta da sa'o'inta, ba Real Madrid da ƙaramin kulob ba. Ka sa minti 10, ka buga wasa goma ko da a kwana uku ne, kana rubuta sakamakon. In ka ci takwas ko fiye, kuma da tazarar ƙwallo uku-uku, hau gaba. In biyu ka ci ko ƙasa da haka, sauko. In kana tsakanin huɗu da shida, ana 1-0 da 2-1 da kunnen doki, to ka iso gida, ka zauna nan har sai lissafin ya canja.

Babban abin da ke ƙaruwa idan ka hau shi ne hankalin kwamfuta. Tana rufe ka da wuri, tana tare hanyar fas kafin ka bayar, kuma damar da za ta ɓarar a Regular ba ta ɓarar da ita a sama. Saboda haka halayen da ƙaramin mataki ya yafe maka su ne ke kashe ka yanzu. Na farkonsu danne R1, maɓallin gudu, tun daga tashi har busa. Mai gudu yana tura ƙwallo nesa da ƙafarsa, ɗan baya kuwa abin da yake jira ke nan. Ka saki R1 a cikin cunkoso, ka danna sai ka ga fili a gabanka.

Na biyu ya fi muni: janyo ɗan bayan tsakiya da maɓallin X ya bi mai ƙwallo har da'irar tsakiya. Ramin da ya bari nan ake zura maka fas, ka ga ɗan gaba shi da gola. Ka yi amfani da L1 ka ɗauki ɗan tsakiya, shi za ka kora da shi, ka bar 'yan baya a layinsu. Maɓalli mai kusurwa huɗu yana turo abokin wasa ya taya ka matsi, amma daƙiƙa biyu ko uku ya isa. In ka riƙe shi kullum, kafin minti na 70 a agogon wasa 'yan wasanka sun galabaita, tsarin kuma ya watse.

Sai yawan fas na mai kusurwa uku. A Regular kusan duk wanda ka sa zai wuce, a sama ɗan baya ya riga ka gani. Ka koyi ba-ni-in-ba-ka da L1 da X, ka kuma riƙa satar kallon ƙaramar taswirar da ke ƙasan allo kafin ƙwallo ta iso ƙafarka. Idan ka shiga yadi na 18, kada sandar ƙarfin bugu ta wuce rabi, in ba haka ba 'yan kallo za ka aika wa. Akwai kuma R1 da R2 tare, wanda ke kwance ɗan wasanka daga layin da gem ya ɗora shi a kai, ka tare ƙwallo kafin ta iso.

Maganar abokanka kuwa, bar su. Da yawa cikin masu cika bakin Top Player hanya ɗaya suka haddace, gudu ta gefe, kuros, sa kai. Kwamfuta tana iya faɗawa wannan tarkon sau goma, mutum mai ido sau biyu zai faɗa ya toshe.

Tambaya: Ina da shagon gem, PS2 biyu da PS3 ɗaya, da janareta muke aiki. Kullum sai an yi rigima: wanda aka ci ya ce an canja masa lebul, ko an ba shi mataccen fad (abin riƙon hannu mai maɓallai), ya ƙi biya. Yaya zan yi?
Daga wani mai shago a yankin Dambatta, Kano.

Amsa: Malam, Allah ya ba da kasuwa. Fara da gaya musu cewa an yi saitin wahala ne domin ƙungiyar da kwamfuta ke riƙewa. Idan mutum biyu suka zauna, saiti ɗaya ne a kan wasan baki ɗaya, babu yadda zai zaɓi na hagu ya bar na dama. Wannan ƙorafin ba shi da tushe.

Amma akwai waɗanda ke da tushe, kuma su ya kamata ka toshe. A PES kowane ɗan wasa yana da kibiya a gefen sunansa mai nuna lafiyarsa a ranar. Wadda ta kalli sama ita ce mafi kyau, a tsofaffin na PS2 ja ce, wadda ta kalli ƙasa kuma ɗan wasan kamar bai karya ba yake. In aka bar ta a kan sa'a, wani zai tashi da 'yan gaba duk kibiya sama, wani duk ƙasa, a ƙungiyoyi masu ƙarfi ɗaya. A saitin da ke fitowa kafin a take wasa, ka daidaita kibiyar gida da ta baƙi a kan ta tsakiya. Na PS3 kuma yana da saitin taimakon fas na kowane fad daban. Wanda aka kashe wa taimako zai ga fas ɗinsa na tafiya daji, ya rantse an yi masa asiri. Ka duba su biyun su zama ɗaya.

Bayan ka gama, ka adana a memori. Na PS2 mai 8MB ya wadatar. In ba ka adana ba, da janareta ya ɗauke komai zai koma yadda ya zo daga kamfani, gobe ka sake sabon lale.

Batun fad, a nan yaran sukan yi gaskiya. Ga gwaji: shiga jerin zaɓi, ka ajiye fad ɗin a kan benci, ka ɗauke hannu. In alamar tana tafiya da kanta, sandar analog ta ci, sai canji. In kuma maɓalli ne sai an danna da ƙarfi, yawanci ƙurar hunturu da zufa ne suka taru a ƙarƙashin robar. Cire fad daga na'ura, kwance shi, goge baƙin ɗigon robar da wurin da yake taɓawa da auduga da ɗan sifirit, bari ya bushe sarai kafin ka mayar. Sannan ka kafa doka a rubuce a bango: ana musayar fad idan an tafi hutun rabin lokaci. Rabin rigimar shagonka a nan za ta mutu.

Idan gwani da ɗan koyo suka haɗu, ba lebul ake taɓawa ba. Gwanin ya ɗauki ƙaramar ƙungiya, ko ya ba da ƙwallo biyu a baki. Ranar da ka kai ga PS4, daga FIFA 19 an sa wannan a cikin gem ɗin kansa, ana iya fara wasa wani yana gaba da ci.

Tambaya: A tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ta yayana ina cin Professional hankali kwance. Na haɗa PS2 ɗin nan dai da filasma, lebul ɗaya, amma sai a ƙwace ƙwallo kafin in juya. Haka PES na PPSSPP (manhajar buga gem ɗin na'urar hannu ta PSP) a wayata, bayan ɗan lokaci sai ya riƙa ja.
Daga wani ɗalibi a yankin Gumel, Jigawa.

Amsa: Ɗan'uwa, wahalarka ba a cikin gem take ba, jinkiri ne. Mai ƙusumbi tana zana hoto nan take yadda ya zo. Filasma kuwa sai ta karɓi hoton wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ta juya shi, ta faɗaɗa shi ya cika allo, ta yi masa kwalliya, sannan ta nuna. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa ba. In talabijin ta riƙe biyar ko shida, ka makara da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ido ba ya kamawa, amma ɗan bayan Professional yana kamawa.

Shiga saitin hoto na talabijin ka nemi Game Mode ka kunna. In babu, kashe duk wani abu mai sulɓanta motsi ko mai share dishi-dishi. In duk bai yi ba, koma wa mai ƙusumbin, domin irinta aka ƙera PS2. Masu shago da ke rawar jikin sayar da tsofaffin talabijin ɗinsu su ji wannan.

Ita waya zafi ne ke damunta. Idan ta yi zafi, da kanta take rage gudun injinta don kada ta lalace, gem ya fara ja. Allon PSP na asali 480 ne a 272, saboda haka a saitin hoto na PPSSPP ka mayar da girman zuwa 1x, ko 2x in wayar na da ƙarfi. In RAM ɗinta 2GB ne kada ka wuce 1x. Sa tsallaken hoto a kan 1: motsi zai ɗan yi tsalle-tsalle, amma gudun wasa zai dawo daidai. Cire rigar wayar, rufe sauran manhajoji, kuma kada ka buga tana caji, musamman a zafin Afrilu.

Tambaya: A Resident Evil 4, in na mutu sau uku a wuri ɗaya sai in ga abokan gaba sun yi laushi. Idona ne?
Daga yankin Rano, Kano.

Amsa: Ba idonka ba ne. Wannan gem na kamfanin Capcom, na 2005, yana da ɓoyayyen ma'auni a matakin Normal. In kana harbi daidai ba a taɓa ka, sai ya ƙara musu zafi. In kana yawan mutuwa, ya sassauta. Mai son abu tsayayye sai ya gama gem ɗin sau ɗaya, Professional zai buɗe, shi ba ya tausaya wa kowa. Gem ne na manya, akwai jini da ban tsoro, kada a kunna wa 'yan firamare a shago.

Tambaya: Candy Crush nake yi in na gama aikin gida. Sati biyu ke nan na maƙale a lebul ɗaya, kullum yana nuna mini in saya ƙarin motsi. In saya?
Daga wata matar aure a yankin Kura, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Irin wannan gem ba shi da wurin zaɓar sauƙi ko wahala, kamfanin ne ke dasa masu tsauri jefi-jefi, domin kyauta aka ba ki shi, a wurin maƙalewar nan suke samun nasu. Rai biyar ake bayarwa, kowanne yana dawowa bayan minti 30, kuma zubin alewar yana canjawa duk shiga, don haka wani zubin zai zo miki da sauƙi.

Kafin ki taɓa komai, dubi abin da aka nema a saman allo, ki daina fasa duk uku da kika gani. Ki fi yin aiki daga ƙasa, saboda na sama su zubo su haɗu da kansu ba tare da kin kashe motsi ba. Huɗu a jere suna ba da mai ratsi, wadda ke share layi guda. Biyar a siffar L ko T suna ba da mai ƙunshi, wadda ke fashewa sau biyu. Biyar a miƙe suna ba da baƙar ƙwallon nan mai ɗigo-ɗigo. Kada ki fasa su ɗai-ɗai: ki lallaɓa baƙar ta zo kusa da mai ratsi ki haɗa su, duk alewa mai wannan launin za ta koma mai ratsi ta tashi lokaci guda.

In akwai katin banki a jikin Play Store ɗinki, shiga saitinsa ki sa ya riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye, saboda yaran da ke karɓar wayar da yamma.