Amsar Kawu a kan aron keke

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ɗan baffanka ya nemi aron kekenka ka hana shi, yanzu a gida ana ce maka marowaci, kana tambaya ko al'ada ta wajabta maka ka bayar. Na yi murmushi da na ga abin da ka kashe a kan giyar keken da birkinsa kaɗai, na kamfanin Shimano ɗin nan na Japan, ga shi ka ce jikin keken ba ƙarfe ba ne, kabon ne, in ya tsage mai walda ba ya da abin yi. Daga baya kuma maganar ta tsaya mini a rai. Na san da dala ake shigo da kayan nan, kuma tun da aka cire tallafin fetur aka saki naira a 2023, duk abin da ya fito daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Tsoronka yana da dalili.

Keken da ya fara shiga gidanmu Raleigh ne, Rale muke ce masa. Kakanka ya saye shi da kuɗin gyaɗa, zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Kada ka ɗauka abu ne mai araha. Sai da ya tara kuɗin kaka fiye da ɗaya. A ɗakinsa keken yake kwana, takardar da aka naɗe ƙarfen da ita ma ya daɗe bai yarda an ɓare ta ba, mu yara kuwa ko ƙararrawar ba mu isa mu taɓa ba.

Wani dare da damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai muka ji sallama a zaure. Maƙwabcinmu ne, matarsa ta kwana ta wuni a kan gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai an je gari an samo mota. Mutumin nan ya tsaya yana murza hularsa, kunya ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi. Kakanka bai bari ya faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya turo keken da kansa, ya ɗaura famfo, ya ce masa ya yi ta taka feda don fitilar kada ta dushe. Da hantsi keken ya dawo a kafaɗar mutum biyu, laka har sirdi, sarƙa ta tsinke, wilin gaba ya lanƙwashe, don a rafi ya faɗa. Matar ta sauka lafiya. Maƙwabcin ya ja akuyarsa zai kai kasuwa ya biya gyara, kakanka ya aike ni da gudu na tare shi a hanya. Sai da kaka ta zagayo kafin aka sami kuɗin sabon wili. Duk tsawon lokacin nan da ƙafa kakanka yake cin kasuwa, ban taɓa jin ya tayar da zancen ba. In wani ya tayar, sai ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kakarka kuwa ɗaya gefen take riƙewa. Ita cewa take kayan aro ba ya ado. Wanda ya ari keke don ya je zance ya burge budurwa, a wurinta ba ya da hakki a kan kowa, ya je wajen masu haya ya biya. Mai aro kuma ya san nauyinsa: ya dawo da shi a wanke, taya da iska, in ya yi faci ya biya mai faci bai jira an tambaye shi ba. Wannan ne ya yi ƙaranci yanzu. Yaro ya ari abu ya lalata, ya jingine a zaure ya sulale ko sallama babu. Ku kuma kun koma sayen abin da ku kanku kuke ɗar-ɗar da hawansa, balle ɗan'uwa. Bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da ma'aikata suka samu a 1975, kekuna sun cika gari, daga baya Phoenix na Sin ya zo, duk ƙauyen da ka shiga akwai mai gyara a gindin bishiya da zai tayar maka da shi. Naka in ya lalace a hanyar ƙauyenmu, wa zai taɓa shi?

Abin da ba ka faɗa mini ba shi ne inda ɗan'uwan naka zai je da shi, da kuma irin bakin da ka hana shi da shi. Ka rubuto mini wannan tukuna. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.