Ɗana ya yi karo da ƙofar gareji

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya hau allon lantarkin nan mai taya biyu da kawunsa ya kawo masa tsaraba. Ya kasa tsayawa, ya daki ƙofar gareji, ya dafa ƙasa da hannu. Wuyan hannun ya kumbura. In kai shi wajen mai ɗori?
Wata uwa, Kano

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A fara ɗaukar hoton ƙashin a asibiti tukuna. Allon nan ba shi da birki, sai an karkata baya yake tsayawa, yaro kuwa in ya firgita yana iya faɗuwa. A wuyan hannun yaro akwai inda ƙashi ke girma, ɗori ba hoto kan bar shi a karkace. In kuma kansa ya bugu, yana amai ko yawan barci, kada ki jira gari ya waye.