Ga mai tambaya kan gyaran maƙalar furotin a Wikipedia

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki. Kin ce malaminku na bayokemistiri ya ba ki aikin inganta maƙalar Turanci ta Wikipedia a kan yadda jiki ke sarrafa furotin, da maki a kai, kin buɗe shafin kin rasa ta inda za ki kama. Na daɗe ina gyare-gyare a can, na kuma zauna da ɗalibai masu irin wannan aiki, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Kada ki ɗauki maƙalar gaba ɗaya. Irin wannan maƙala mararraba ce: narkewar furotin tana da shafinta, ƙera furotin a ribosom (masana'antar furotin da ke cikin ƙwayar halitta) yana da nasa, zagayen yuriya (hanyar da hanta ke mayar da amoniya yuriya don a fitar a fitsari) ma haka. Aikin wannan shafi shi ne ya nuna wa mai karatu yadda hanyoyin suke haɗuwa, sannan ya tura shi gaba. Yawancin ɗalibai sukan juye duk abin da ke cikin littafin aji a nan, shafi ya kumbura, washegari wani edita ya zo ya share. Ki zaɓi sashe ɗaya da kika ga ya yi rauni, ki tsaya a kansa. Kafin ki taɓa ko da waƙafi, ki leƙa shafin tattaunawa da tarihin gyare-gyare, domin sau da yawa abin da kike shirin ƙarawa wani ya taɓa sa shi aka cire, kuma an rubuta dalili.

Da ni ce ke, makomar naitirojin, sinadarin da ke cikin kowane furotin, zan kama, domin nan ne ɗalibai suka fi rikicewa, nan ne kuma bayani mai kyau yake da amfani. Jiki ba ya tara furotin a ma'aji yadda yake tara kitse. Kullum yana rushe nasa yana sake ginawa, abin da Rudolf Schoenheimer ya nuna a shekarun 1930 da naitirojin mai alamar da ake iya bin sawunsa a jiki. Amino asid, wato tubalin ginin furotin, in ya yi rara sai a cire masa ɓangaren amino mai ɗauke da naitirojin, a miƙa wa wani sinadari mai suna alfa-ketogulutaret ya zama gulutamet. Enzayim ɗin da ke wannan aiki su ne irin ALT da AST da kike gani a takardar gwajin hanta, kuma ba sa aiki sai da bitamin B6. Daga gulutamet amoniya ke fita, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwa, sai hanta ta mayar da ita yuriya. Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana wannan zagaye a 1932. Matakai biyu na farko a cikin mitokondiriya, ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da kuzari, ake yin su, sauran a wajenta, kuma naitirojin biyu na yuriya ɗaya daga amoniya yake, ɗaya daga amino asid mai suna asfatet. In kika rubuta wannan a sakin layi uku masu tsabta, kowace jimla da madogararta, kin yi aikin da ya fi shafi goma na kwafe.

Wata ɗaliba ta taɓa nuna mini daftarinta a waya, jimlar farko tana cewa ƙoda ce ke haɗa yuriya. Na ce ta sake duba littafinta. Hanta ke haɗawa, ƙoda fitarwa kawai take yi a fitsari. Shi ya sa mai ciwon hanta da ya yi nisa amoniya ke taruwa masa a jini har ya fara ruɗewa, shi kuwa mai ciwon ƙoda yuriya ce ke hawa. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ki riƙa farauta: amino asid 20 ne ake gina furotin da su, 9 dole daga abinci za su zo, lusin da laisin kaɗai ne a cikinsu sam ba a iya yin gulukos da su, narkewar furotin a tumbi take farawa da enzayim mai suna fefsin, baki tauna kawai yake yi. In kuma kika iske sashen rushe furotin a cikin ƙwayar halitta bai ambaci yubikitin (mai sa wa furotin alamar rushewa) da furotiyasom (mai rushe shi) ba, to ga giɓi nan, bincike a kan wannan hanya ne ya kawo wa Ciechanover da Hershko da Rose kyautar Nobel a 2004.

Batun madogara kuwa, editocin da ke lura da shafukan lafiya ba su da wasa. Littafin jami'a da maƙalun bita da suka tattara bincike da yawa suke so. Binciken da aka yi sau ɗaya a kan ɓeraye ba ya tsayawa, balle shafukan masu tallar garin furotin na 'yan motsa jiki. Handawut ɗin malaminku ma ba madogara ba ne, duk da girmansa a wurinki. Ki sa lambar shafi in littafi ne.

Sai kwafe. Ki karanta, ki rufe littafin, ki rubuta da kalmominki, sannan ki buɗe ki gwada ko kin yi daidai. Canja kalma biyu a jimlar wani bai fitar da ke ba, akwai manhajar da ke kama shi. Haka zane. Na ga yaron da ya ɗauki hoton zagayen yuriya daga littafi da wayarsa, har inuwar yatsansa ta fito a gefe, ya ɗora a Commons, rumbun hotunan Wikipedia. Kafin ya kai ga nuna wa malami an goge. In kina son zane, ki duba waɗanda ke Commons da lasisin kyauta, ko ki zana naki.

Ki fara a shafin gwajinki, wato shafinki na daftari a Wikipedia, sannan ki riƙa kai wa ainihin maƙalar kaɗan-kaɗan, kowane gyara da taƙaitaccen bayanin abin da kika yi. In aka janye miki gyara, kada ki mayar da shi da zuciya. Ki je shafin tattaunawa ki tambaya cikin ladabi, yawanci za a gaya miki abin da ya rage. Kuma ki tuna ba malaminku kike rubuta wa ba, ɗan sakandare ne ko ma'aikaciyar jinya da ke neman bayani cikin sauri. Jimlar da ke buƙatar a karanta sau uku, ki raba ta.

Wani abu a gefe: za ki so ki sa misalin gida, cewa gero da dawa da masara ba su da isasshen laisin, wake kuma yana cike wannan giɓi, ko tarihin kwashiyoko, ciwon tamowa na yara, da likita Cicely Williams ta bayyana a Ghana a shekarun 1930. Gaskiya ne, amma wurinsu maƙalun abinci mai gina jiki, a nan jimla ɗaya da mahaɗi ta isa. In kin gama, Wikipedia ta Hausa tana matuƙar buƙatar irin wannan bayani, can kina da fili.

Ki yi rajista da sunan amfani tun yau, ki riƙa adana mahaɗin kowane gyara daga tarihin shafi, domin ko an canja rubutunki daga baya, shi za ki nuna wa malami. In daftarin ya kammala ki turo mahaɗin shafin gwajin, zan duba miki in sha Allah.