Yaya, Ga Yadda Ake Ranar Indiya a Indiyar Kanta

Yaya, na saurari saƙon muryarki har sau uku, ina ta dariya ni kaɗai a kicin. Wato 'yarmu ta kafe sai an yi mata ranar Indiya irin ta fim a bikin aurenta, ke kuma kin ce tunda na kwana biyu a Haidarabad, ni zan faɗa muku yadda ake yi. Kada ki ga laifinta. A gaban kaset ɗin Indiya muka raine ta, ni da ke.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne su ma Indiyawan daga fim suke kwafa. Daren rawar nan da suke kira sangit, asalinsa zaman mata ne a cikin gida a arewacin ƙasar, musamman Panjab, da 'yar gangarsu, tsofaffi na waƙa suna tsokanar dangin ango. Wani fim na 1994 da Salman Khan da Madhuri Dixit suka fito, mai waƙoƙi goma sha huɗu, kusan dukkansa biki ne, shi ake yawan cewa ya raba wannan al'ada ga ƙasar baki ɗaya. Yau har a nan kudu, inda kakanninsu ba su san ta ba, ɗaukar mai koyar da rawa ake yi. Maƙwabciyata da ta aurar da ɗanta, wajen wata biyu muna jin dirin ƙafa a saman silin ɗinmu bayan magariba. Kawunnai da gwaggwanni ne ke bita, har da kaka mai ciwon gwiwa.

Masu hali kuwa ba rawar kaɗai suke ɗauka ba, har da wurin. A wajen garin nan akwai Ramoji Film City, inda ake ɗaukar fina-finai, kuma ana kama wuri a yi biki a cikin gine-ginen da aka yi don fim. A fadar Falaknuma da ke nan Haidarabad Salman Khan ya aurar da ƙanwarsa a 2014. Kaya ma haka. Jan launi aka san amarya da shi, amma tun da jarumar fim Anushka Sharma ta sa ruwan hoda mai haske a aurenta a 2017, teloli suka shiga uku da hotonta. Fim ɗaya suke zaɓa, wani lokaci ma waƙa ɗaya, sai a bi launinta a katin gayyata da labule da furanni da ankon ƙawaye. Wanda ya haɗa fim biyar a dare ɗaya, shi ake yi wa dariya a bayan ido.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. A fim an cakuɗa ado da ibada, mu kuma da muke kallo daga Kano ba ma rabewa. Zagaya wuta sau bakwai ɗaurin auren Hindu ne, da malaminsu da addu'o'insu. Jan garin da ango ke zuba wa amarya a tsagar gashi, da sarƙar baƙaƙen duwatsu da yake ɗaura mata, su ne shaidar auren a addininsu. Farantin nan mai fitila da ake juyawa a gaban fuskar ango ma bauta ce. Na taɓa ganin bidiyon wani biki daga gida, mai kwalliyar wuri ta ɗora shi a bakin ƙofa, ita a ganinta ado ne. Mu Hausawan nan mun daɗe da sanin iyakarmu. In maƙwabci Hindu ya gayyace mu, muna zuwa daren lalle da cin abinci, mu kai gudummawa a ambulan. Rupi 501 ko 1001 ake sawa, don ba sa son kuɗin ya ƙare da sifili. Ba ma sa ja, na amarya ne, ba ma sa fari zalla, don kayan makoki ne a wurin da yawansu. In an zo wurin wuta sai mu koma gefe, kuma ba wanda ya taɓa ɗaure mana fuska a kan haka.

Shi ya sa nake cewa ku dubi Musulmin Indiya, waɗanda fim bai cika nuna su ba. Nan Haidarabad nikah suke cewa, da waliyyi da shaidu da sadaki, daga baya ango ya yi walima. A zauren biki maza gefe guda, mata gefe guda. Suna shafa wa amarya kurkum, kowa sanye da rawaya, kusan dilkarmu ce. Daren lalle kuwa ba sai na yi miki bayani ba, sai dai nasu zanen kan kai har gwiwar hannu, kuma akan ɓoye harafin sunan ango a ciki, ya nema. Ƙannen amarya kan sace takalmin ango, ba za su bayar ba sai ya biya: sayen baki ke nan da wata riga. Ranar tafiya kuma kukan nan dai ne da kika yi, na yi.

Maganar sutura, lehengar fim, wato riga da siket ɗin amarya, rigarta a ɗangale take, ciki a waje, siket ɗin kuma nauyi kamar buhun gero. Kin san Baffa ba zai zauna ya ga wannan ba. Amaryar Haidarabad khada dupatta take sawa: wando, doguwar riga, sannan gyale mai yadi shida da ake naɗe ta da shi tun daga kafaɗa har ƙasa. Ya rufe jiki, kuma wallahi ya fi na fim kwarjini. Awarwaro kuwa sai kasuwar Laad Bazaar, gefen tsohon ginin Charminar, layi guda cike da shagunansu.

Abu ɗaya ne ba na so ku kwaso, wato dukiyar da dangin ango ke tatsa daga iyayen amarya. Doka ta hana tun 1961, amma ana yi, gidaje na cin bashi a kai. Mu ma da kayan ɗaki da gara ba mu da bakin yi musu gori sosai.

Da ni ce ke, daren lalle zan mayar ranar Indiyar, mata zalla. Launi biyu, rawaya da kore. Waƙa ɗaya, ƙawaye su yi bitarta sosai, kuma a sa wanda ya ji Indiyanci ya fassara muku ita tukuna, don wasu kirarin gumaka ne, wasu kuma batsa ce cikin daɗin murya. Abinci biryani, amma a dafa tuwo a ajiye saboda su Inna.

Ki sa tela ya auna ta, kafaɗa da ƙirji da tsawo, ki haɗa da faɗin hannunta don awarwaro. Akwai wata 'yar Zariya da ta kawo mahaifiyarta asibiti, ƙarshen wata za su koma ta Abuja. In kun yi sauri, ita zan ba kayan.